Kwado Ba Ya Tsare Motar Baƙo

Da zarar an rufe makarantu an shiga dogon hutu, sai hanyoyin kudu su cika da mutanenmu. Wani zai kai tsohuwarsa asibitin ido a Kano, wani zai je dubo yaransa da ke karatun allo a Zariya, wani biki ya kira shi Daura, wani kuma atamfa da shadda zai haɗo a Kantin Kwari. Mu da ke Maijirgi, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, Katsina da Daura sun fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Haka abin yake ga mutanen Tasawa da na Mayahi. Harshe ɗaya ne, tuwo ɗaya ne, dangi a kowane gefe, shi ya sa ba ma jin cewa wata ƙasa za mu. Mutum zai tada motarsa ko babur ɗinsa ya nufi Ɗan Isa ko Matamai kamar mai zuwa cin kasuwar mako.

To, kai dai ba baƙo ba ne a Katsina, amma motarka baƙuwa ce. Lambar da ke gabanta da bayanta tana shela tun kafin ka buɗe baki. Ɓarawon da ya san sana'arsa yana ganin lambar Nijar ya riga ya karanta abubuwa da dama: mai wannan motar kwana biyu ko uku zai yi ya koma, bai san ofishin ƴan sandan da ke kula da unguwar ba, takardunsa da Faransanci aka rubuta su, kuma babu wani mai shago ko mai shayi a layin da zai ga wani daban a cikinta ya ce, kai, wannan ai ba motarka ba ce. A gida, garin duka ne ke gadin abin hawanka ba tare da ka biya kowa ba. Babur ɗin malamin makarantar Maijirgi ko yaro ɗan aji biyu ya san ƙararsa. Wannan gadin kyauta shi ne ke tsayawa a bakin iyaka, ya bar ka ka wuce kai kaɗai.

Abin da galibinmu ke yi don cike wannan giɓi shi ne sayen ƙarfe. Kwado na sitiyari, sarƙa mai kauri ga babur, ƙararrawa mai ihu. Ban raina su ba. Aikinsu ɓata wa ɓarawo lokaci, kuma mai sauri yakan bar wadda za ta wahalar da shi ya nemi ta kusa da ita. Mu ma muna da dalilin buƙatarsu fiye da wasu, domin yawancin motocinmu tsofaffi ne. A Turai sai daga 1998 aka wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi in ba da makullinsa na asali ba. Motar da aka ƙera kafin nan, irin tsofaffin Starlet da Carina da ke cike da tashoshinmu, mai ɗan sanin wayoyin mota zai iya tada ta ba makulli. Ga irin waɗannan, ɓoyayyen maɓalli da mai gyaran wutar mota zai sa maka don yanke wuta ko mai ya fi ƙararrawa amfani, in dai ka sa an yi maka shi a gida wurin wanda ka sani, kuma ba ka nuna wa kowane fasinja inda yake ba.

Masu ɗan hali kuma sun koma ga na'urar bin sawu, wadda ke nuna maka a waya inda motar take. Ita ma da nata tarkon. Da layin waya take aiki. In layin Nijar ne a cikinta, ba a kuma buɗe masa damar aiki a ƙetare ba, ko kuɗinsa ya ƙare, to kana wuce inda sabis ɗin gida ke kaiwa ta yi shiru, kai kuwa kana tafe da ƙarfin zuciyar cewa kana da mai gadi. Tambaya ɗaya ce za ka yi wa wanda ya sa maka ita: in na kai Kano, za ta ci gaba da magana?

Amma duk wannan ƙarfe ne, kuma ƙarfe ƙarfe ke yanka shi. A ganina abin da ke tsare abin hawan baƙo biyu ne, takarda da mutum, kuma dukansu tun kafin a tada inji ake tanadinsu.

Bari in fara da takarda, tunda ita ce ɓangaren da ya kamata mu malamai mu fi kowa iyawa. A gwada wannan a kowace makaranta: a tambayi malamai masu babur su faɗi lambar shasi ta abin hawansu, ko su nuna inda suka rubuta ta. Lambar gaba kowa ya haddace, ita kuwa da sukurudireba ake cire ta cikin minti biyu. Fenti ma yini ɗaya ya isa a canza shi. Abin da ke da wuyar canzawa shi ne lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar, wadda a motocin zamani take da haruffa da alƙaluma 17, ba a kuma sa haruffan I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Tana rubuce a kart giris ɗinka. Da ita ake shigar da motar da aka sace cikin rumbun bayanan Interpol, wanda Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙungiyar. Wanda ya je gaban ɗan sanda yana cewa motata fara ce, ƙirar Corolla, akwai tsagewa a gilashin baya, labari kawai ya bayar. Wanda ya miƙa lambar shasi da lambar inji shi ya kai ƙara.

Sai wata ɗabi'a da na rasa inda muka samo ta: ajiye duk takardun mota a cikin motar. Kart giris, asirans, takardar duwan, takardar ciniki, duk a cusa su a aljihun gaba a rufe. Ranar da aka ɗauke motar, an ɗauke ta da shaidarta. Ɓarawon zai wuce shingen jami'ai yana miƙa takardu na gaskiya, kai kuma kana tsaye ba ka da abin da zai nuna cewa ka taɓa mallakar ko taya. Takardun asali a jikinka ya kamata su kasance, ka fita da su duk inda ka fita. Kwafi ɗaya ya zauna a gida hannun uwargida ko wani babban ɗa, hotonsu kuma ka tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp, domin wayar da ke hannunka ita ma tana iya tafiya tare da motar.

Game da asirans, wadda a Najeriya ake ce wa inshora, akwai rashin fahimta mai yawa. Katin nan mai ruwan ƙasa da ƙasashen CEDEAO suka ƙirƙiro a 1982 don masu tsallaka iyaka da mota, abin da yake biya shi ne ɓarnar da ka yi wa wani: ka buge mutum, ko ka fasa wa wani mota. Ba ya biyan ka ko dala in an sace taka. Haka ita ma asirans ta dole da muke yanka a gida. Kariyar sata yarjejeniya ce daban mai kuɗinta daban, kuma ko wanda ya yanke ta sai ya duba ko ta ƙetara iyaka tare da shi. Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025, ya kamata duk mai niyyar tafiya ya tsaya gaban wanda ya yanka masa asirans ya tambaye shi wace takarda ce ke aiki a yau, ya daina dogaro da abin da wani direba ya gaya masa shekara uku da suka wuce.

Akwai kuma maganar ta inda aka shiga. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, aka daɗe kafin a buɗe. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A waɗannan shekaru mutane suka saba da ɓarauniyar hanya, ta cikin gonaki da ƙauyuka, har wasu suka ga ta fi musu sauƙi ko bayan an buɗe. Ga mai abin hawa wannan sauƙi yana da tsada. Tun 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokin ƙasa, don haka mota mai lambar waje da takardar izinin shiga na ɗan lokaci take shiga, bisa sharaɗin za ta fito. Wanda ya bi ta ƙofa ya karɓi wannan takarda, in aka yi masa sata yana da shaidar ranar da motarsa ta shiga, kuma takardar ƙarar da ƴan sanda za su ba shi ita ce za ta wanke shi daga zargin cewa sayar da ita ya yi. Wanda ya bi ta daji fa? Zai je ya ce wa hukuma an sace masa motar da a rubuce ba ta taɓa shiga ƙasar ba. Tambayar farko da za a yi masa ita ce za ta sa ya gwammace ya haƙura. Ɓarayi sun san haka sarai.

Yanzu ga mutum. Nan ne nake ganin mun yi sakaci da gadon da muka tarar. Tafiya da dukiya zuwa ƙasar wasu ba yau Bahaushe ya fara ta ba. Fataken goro sun yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Gwanja da jakuna, ayarin gishiri na saukowa daga arewa ya bi ta Damargu, kuma irin wannan ayarin Baturen nan Heinrich Barth ya biyo har ya sauka Tasawa a farkon 1851. Waɗannan mutane ba su da kwado ko na'ura, kuma hanyarsu ta fi tamu haɗari. Abin da suke da shi tsari ne. Ba a tafiya a ɗaiɗaice. Akwai madugu, akwai jagaba da ya san hanya, akwai malamin da ke riƙe da rubutu. Ana sauka a zangon da aka sani. In an shiga gari kuma, kowane falke yana da mai masauki, wanda ke ajiye masa kaya da dabbobi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Kayan baƙo suna shiga ƙarƙashin mutuncin ɗan gari, wanda ya taɓa su kuwa ɗan garin ya taɓa.

Mu yau mun mayar da mai masauki wurin cin tuwo da shimfiɗa kawai. Mutum zai iso Kano da la'asar, ya bar mota a bakin titi gaban wani masauki da bai san kowa ba, ko ya kai mara lafiya asibiti ya bar ta kwana uku a waje, ƙura ta rufe ta, kowa ya gane mai ita hankalinsa na wani wuri. Alhali yana da ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu mai gida da ƙofar shiga mota. Kunya ce ke hana shi, wai kada ya ɗora wa mutane nauyi. Ni kuwa ina ganin in ka isa, abu na farko shi ne ka shigar da motar gidan ɗan gari, ka bar ta nan, ka yi zirga-zirgarka a Adaidaita Sahu. Motar ta gama aikinta da ta kawo ka. Yawo da ita tsakanin kasuwa da asibiti da masallacin Juma'a, kana neman wurin ajiyewa a unguwannin da ba ka sani ba, shi ne ke kai ta hannun masu jira. In dole ne ka fita da ita, ka nemi inda ake biya a ba ka ƴar takarda, kada ka ji ƙyashin kuɗin. Makulli kuma kada ya bar hannunka, ko a wurin wanki ko a gareji, sai kana tsaye, domin kwafe makulli ba ya ɗaukar lokaci.

Ɗan gari ne kuma zai gaya maka dokar garin, wadda ita ma tana raba mutum da abin hawansa ba tare da ɓarawo ba. Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana acaɓa a cikin birnin Kano. Ɗan kabu-kabun da ya saba goyon mutum biyu a Tasawa, ya shiga can da irin wannan sabo, yana iya rasa babur ɗinsa a hannun hukuma. Jihohi sukan sa dokar hana hawan babur da dare su kuma ɗage ta. Kira ɗaya ga mai masauki kafin a taso ya isa a san halin da ake ciki.

Maganar hanya ba sai na tsawaita ba, kowa ya san halin da yankunan Madarumfa da Gidan Rumji da Jibiya suka shiga a shekarun nan. A tashi da safe, a sauka kafin magariba, a bi sahun motocin tasha domin direbobinsu su ne jagaban wannan zamani. Ɗaukar fasinjan bakin hanya don a rage kuɗin mai, wanda mu ma'aikata muka ƙware a kai, a bar shi a gida inda aka san fuskar kowa. Ranar da kuma Allah ya haɗa ka da mai bindiga, ka miƙa makulli ka sauke iyalinka. Babu motar da ta kai ran ɗan da ke kujerar baya. In an tsira da rai, sai a nufi ofishin ƴan sanda mafi kusa a ranar, a karɓi takardar ƙara, a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, a dawo gida a kai wa jandarma ko ƴan sanda kwafi.

Sai dai akwai gefen maganar da ba mu son ji, kuma saboda shi ne na ga ya dace a yi ta a gaban iyaye da malamai. Ɓarawon mota ba don ya hau yake sata ba, don ya sayar ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyakar da muke tsoron a tsallaka da motarmu, ita ce ake tsallako mana da ta wasu. A ƙarshen Agustan 2021, lokacin da gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar tunkarar matsalar tsaro, cikin abubuwan da ya hana har da sayar da tsofaffin babura a kasuwar Caranci. Gwamnati ba ta rufe cinikin tsohon babur don wasa ba, ta gane cewa babur marar asali da ɗan bindiga tafiyarsu ɗaya. Abin kuma ya wuce mu da maƙwabtanmu. A Kanada an sace motoci sama da 105,000 a 2022, har gwamnatinsu ta kira babban taro a kan lamarin a watan Fabrairun 2024, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da ake gano motocin bayan an yi jigilarsu ta teku. Wato wata motar da ake yi wa Alhaji barka da ita a nan, wani yana can yana kukan rashinta.

A ƙauyukanmu abin yakan zo da ƙaramar siga. Yaro ya tafi ci-rani ya dawo da babur mai sheƙi, a kuɗin da kowa ya san bai kai rabin na kanti ba. Uba ya fito ya shafa tanki ya sa albarka. Ba wanda ya ce ina rasit, ina takardar duwan, wa ya sayar maka. Ko kuma uban da kansa ya je kasuwa, dillali ya ja shi gefe ya ce akwai wani mai kyau, takardu ne kawai suka ɓace. Mun san ma'anar wannan magana. Muna yin kamar ba mu sani ba ne saboda arahar ta yi mana daɗi. Dokar ƙasarmu tana hukunta mai karɓar kayan sata, a addini ma kayan sata ba ya zama naka don ka biya kuɗi, duk ranar da mai shi ya bayyana nasa ne. Ko an ajiye wannan gefe, wanda ya sayi babur marar takarda ya sayi abin da ba zai iya kai ƙararsa ba in an sace. Zai yi shiru, ya tara kuɗi, ya koma wurin dillalin nan ya sayi wani.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce kuɗin duwan da na lamba da na asirans sun fi ƙarfin talaka, ga doguwar tafiya zuwa ofis, ga jira, ga shi ko kana da cikakkun takardu ba ya hana a tsayar da kai a hanya a nemi na goro. Za a ce ba kowane babur marar takarda ne na sata ba, da yawa sababbi ne da aka shigo da su ba a biya haraji ba. Haka ne. Hukuma na da aiki a gabanta na sauƙaƙa rajistar babura da kawo ta kusa da mutanen karkara, kuma ya kamata masu magana da yawunmu su riƙa faɗa. Amma babur ɗin da aka ƙi biya wa haraji da wanda aka kashe mai shi aka ƙwace, in suka tsaya a kasuwa ba takarda, kamanninsu ɗaya. Na farkon shi ne ke ba na biyun wurin ɓuya. Ko ba ka da kuɗin kammala takardu yau, rasit na kanti mai ɗauke da lambar shasi da ta inji ba ya cin ko sisi, takardar ciniki da shaidu biyu a gaban mai gari ma haka.

Mu malamai muna da abin da za mu iya yi daga cikin aji. Yawancin masu babur a karkararmu ba sa karanta Faransancin da ke kan takardunsu, amma a gidajensu akwai ɗan aji biyar ko shida. Mene ne laifin darasin karatu guda ɗaya a kan kart giris? A zana ta a allo, a nuna wa yara inda sunan mai abin hawa yake, inda lambar shasi take, a ba su aikin gida su je su nemo lambar a jikin babur ɗin gidansu, su kwafe ta harafi bayan harafi, su gwada ta da wadda ke kan takarda. Darasin karatu ne, darasin lura ne, kuma gidan ya samu lambar a rubuce a littafin da ba ya bin babur ɗin tafiya. A taron iyayen yara ko na kwamitin COGES ana iya ware minti goma kafin hutu a yi wannan bayani. Wasu yaran za su dawo su ce mushe, babanmu ya ce babu takarda. Wasu za su ce lambar ba ta yi daidai ba, ko an goge ta da ƙarfe. Malami ba ɗan sanda ba ne, kuma bai kamata ya kunyata yaro a gaban ƴan'uwansa ba. Ya karɓi littafin ya sa maki a kan kyawun kwafi, maganar sauran kuma ya bari sai sun haɗu da uban su biyu.